Ɗaure tayar motar da aka faka a harabar shaguna: allon gargaɗi ya isa ya kare mai wuri?

Abu Maryam, Sabon Gari

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana shari'a ce da masu kula da wuraren ajiye motoci. Rukunin shaguna ne guda goma sha huɗu a wajen PZ a Zariya, harabar tana cin mota goma sha biyu in an jera su da kyau. Kafin ƙarfe goma na safe ta cika da motocin waɗanda ba shagunan suka zo ba. Mutum ya faka, ya kulle, ya tsallaka titi ya shiga banki ko ya zarce kasuwa, sai bayan la'asar a gan shi. Masu haya suna kuka da rashin ciniki, motar kaya kuma ba ta samun inda za ta sauke. An kawo shawarar a sayo ƙarfen nan da ake ɗaure taya da shi, a kafa allo a rubuta cewa duk wanda ya faka ba izini za a ɗaure motarsa, sai ya biya dubu biyar a kwance masa. Shin doka ta yarda? In ta yarda, me ya kamata allon ya ƙunsa, kuma a ina za a kafa shi? Allah ya saka da alheri.

Barista, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, Malam Abu Maryam. Kafin a je ga allo, a fara tabbatar da inda motocin suke tsayawa. A ɗauko takardar filin da zanen safiyo a duba iyaka. Sau da yawa tsakanin lambatu da kwalta, har ma wani ɓangare na abin da ake kira "gaban shagona", hakkin hanya ne, wato filin da aka ware wa titi, ba na mai gini ba, ko da shi ya zuba masa kankare da kuɗinsa. In akwai shakka a je KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, ko KASUPDA, hukumar tsara birane, a tantance. Motar da ke kan hakkin hanya ba ruwan mai shago da ita, aikin KASTLEA ne, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jiha, da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra. Wanda ya ɗaure taya a nan ba shi da abin da zai kare kansa da shi a gaban alƙali.

To mu ɗauka motar tana cikin haraba. Mai wuri yana da hakkin hana kowa shiga, yana da hakkin cewa a fita. Abin da ba shi da shi shi ne ikon cin tara. Tara hukunci ce, kuma sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hukunta mutum kan laifi sai in rubutacciyar doka ta bayyana laifin ta kuma yanka hukuncinsa. Allon da mai fenti ya rubuta ba doka ba ne. Ko a dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, an sa kuɗin fakin ba bisa ƙa'ida ba cikin jerin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa. Gwamnati da kanta sai da doka take yi: a 2014 babbar kotun Abuja ta soke tsarin faka-ka-biya na kan titunan birnin saboda ba a kafa shi bisa doka ba.

Hanya ɗaya da ta rage wa mai wuri ita ce ya ce direba ya amince: ya ga allo, ya karanta sharaɗi, ya faka duk da haka. Kotunan Ingila sun daɗe suna tattauna wannan, kuma duk da hukuncinsu ba dole ne a kan kotunanmu ba, alƙalanmu suna duba shi su ɗauki hujja. A shari'ar Arthur da Anker ta 1995, kotun ɗaukaka ƙara ta ce direban ya ga allon, don haka ya yarda da ɗaurin. Amma ta gindaya sharuɗɗa: kuɗin kwancewa ya zama daidai misali, a samu hanyar da mai mota zai sanar cewa zai biya, kuma da zarar ya ce zai biya a kwance ba jinkiri. Bayan shekara biyar sai ga shari'ar Vine da ƙaramar hukumar Waltham Forest a 2000. Mata ce ta fito daga asibiti, jiki ya rikice mata a hanya, ta tsaya na 'yan mintuna. Akwai allo a wurin, amma wata babbar mota ta kare shi, ba ta gani ba. Kotu ta ce kafa allo kaɗai bai wadatar ba, sai an nuna direban ya gani ya kuma fahimta. Aka ci masu ɗaurin.

Wannan shi ne raunin shawarar da aka ba ku. Nauyin kawo hujja yana wuyan wanda ya ɗaure. Mai mota ya ce da yamma ya shigo babu wuta, ko bai iya karatun boko ba, ko wata bas ta tare allon, to amincewar ta rushe. Abin da ya rage kuwa shi ne an taɓa dukiyarsa ba izini, an kuma riƙe ta bayan ya nema. Zai nemi diyya, kuma in motar haya ce zai lissafa abin da take kawowa a kowace ranar da ta kwana a ɗaure. Ga kuma ɓangaren laifi: dokar Final Kod ta san karɓar kuɗi ta hanyar tsoratarwa, ta san tare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ta san ɓarnata dukiya. Maigadi ne zai fara kwana a ofishin 'yan sanda, sannan a nemi wanda ya sa shi.

A can Ingila da Sukotlan ma an hana shi a fili mai zaman kansa. A Sukotlan tun 1992 kotu ta ɗauki ɗaure taya a fili mai zaman kansa a matsayin ƙwace da sata, a shari'ar Black da Carmichael. A Ingila da Wales kuma sashe na 54 na dokar kare 'yanci ta 2012 ya mai da shi laifi daga 1 ga Oktoba na shekarar, har dokar ta fayyace cewa amincewar direba ba ta halatta shi. Shawarata ita ce a bar maganar ƙarfen nan, a tsare ƙofa.

Mai kula da gidaje, Samaru

Abin da Barista ya faɗa a ƙarshe shi ne maganin. Mota goma sha biyu ba ta fi ƙarfin maigadi ɗaya da sarƙa ɗaya ba, matuƙar mashigar ɗaya ce. Matsalar yawancin rukunin shagunanmu ita ce gaban a buɗe yake tun daga wannan kusurwa har waccan, ko'ina mashiga ne. Sai an rufe shi tukuna.

A kakkafa turakun bututun ƙarfe mai kaurin inci huɗu a kan iyakar filin, daga ciki, ba a kan lambatu ba. Tsayin kowanne kamar mita ɗaya a sama, ƙafa biyu a cikin ƙasa da kankare, a cika cikin bututun da siminti don kada ya lanƙwashe in mota ta goga. Tazara tsakaninsu kada ta wuce mita ɗaya da rabi, in ta wuce ƙaramar mota za ta kurɗa. A bar mashiga ɗaya mai faɗin mita shida in ana son shiga da fita a lokaci guda, ko mita uku da rabi in bi da bi ne. A sa mata sandar ɗagawa ko sarƙa mai kauri. In sarƙa ce a rataya mata farantin ƙarfe mai fenti ja da fari a tsakiya, domin sarƙa tsirara ba a ganin ta da magariba, ɗan acaɓa yana iya afka mata, kuma alhakin raunin yana kan mai wuri.

A zana gurbin kowace mota da fentin titi, faɗi mita biyu da rabi, tsawo mita biyar. A ware gurbi ɗaya kusa da mashiga don sauke kaya, a rubuta a ƙasa. Fentin gida ba ya kai damina ɗaya a kan kankare.

Sai kati. A buga katuna daidai yawan gurabun, kowanne da lamba. Mota ta zo, maigadi ya tambayi shagon da za a je, ya rubuta lambar mota da lokaci da lambar waya a littafi, ya miƙa kati. Mai shago ya buga hatimi ko ya sa hannu. Wanda ya fito da kati mai hatimi ya wuce kyauta, wanda ya fito ba hatimi ya biya kuɗin faka da aka rubuta a allo, a ba shi rasit. Katuna sun ƙare, wuri ya cika, sarƙa ba ta sauka. A nan kuɗin haya ne na wuri da aka sanar tun a bakin ƙofa, ba tara ba, kuma kalmar tara kada ta fito a allo ko a rasit ko a bakin maigadi. Kafin a fara karɓar ko kwabo a je sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari a tambayi abin da ake biya na wurin faka da na kafa allo.

Game da allon, a yi manya biyu, ɗaya kowane gefen mashiga, suna kallon direba yana shigowa, ba suna kallon titi a miƙe ba. Ƙasan allon ya kai mita biyu daga ƙasa don kada motar da ta faka ta rufe shi. Masu rubuta alluna suna da ƙa'idar da suke bi: inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisan mai karatu. Direba yana yanke shawarar shiga tun yana kamar ƙafa talatin zuwa arba'in daga ƙofa, don haka babban layin kada ya gaza inci huɗu. A ciki kuma a maimaita ƙananan alluna, ɗaya ga kowane gurbi uku ko huɗu, yadda duk inda mutum ya fito daga mota zai ci karo da ɗaya. Kamfanonin faka a Birtaniya ba sa yin allon sharuɗɗa ƙasa da santimita 45 kowane gefe, wannan ma'auni ne mai kyau.

Rubutun ya zama gajere. Misali: "Wurin faka na abokan cinikin shagunan nan ne kawai. Karɓi kati a ƙofa. Kyauta ne in shago ya buga hatimi. In babu hatimi, naira kaza kowace awa. Ana rufe ƙofa ƙarfe tara na dare. Lambar mai kula da wuri: kaza." Adadin kuɗin shi ne zai fi komai girma bayan layin farko. A rubuta da Hausar boko da Turanci, a ƙara layi ɗaya da ajami, akwai dattawa da yawa a Zariya da shi suka fi gane wa. Kada a yi da bana irin ta talla, rana tana cinye ta, kuma jan launi ne ke fara kodewa, alhali da ja ake rubuta kuɗin. A yi da farantin alminiyam da takarda mai ƙyalli, a ɗora fitilar sola a kansa, a riƙa goge shi lokacin hunturu saboda ƙura. Ranar da aka kafa a ɗauki hoto daga cikin mota a kujerar direba, da rana da kuma da dare, a adana.

Bakanike, Kwangila

Alhaji mai tambaya, ko da a ce doka ta ba ka dama, ƙarfen nan yana da ɓarnar da ba a lissafa ta sai ta faru. Irin wanda aka fi samu a kasuwa mai baki biyu ne, yana cafke taya ta gaba da baya. Bakin da ke zagawa ta bayan wili yana wucewa dab da tiyon birki da wayar na'urar da ke hana birki kullewa. Maigadin da bai san ƙarƙashin mota ba yana tura shi da ƙarfi ya ja wayar, sai fitila ta kama a gaban direba, ko ya murɗe tiyon. Ta waje kuma yana kankare wilin alminiyam, wani lokaci ya karya bawul iska ta fita. Wili ɗaya na babbar mota ya fi dubu biyar ɗin da ake magana nesa ba kusa ba.

Babbar ɓarna tana zuwa ne in direba bai ga ɗaurin ba ya tayar da mota ya sa giya. Ƙarfen ya juya da tayar ya daki ƙasan bodi, ya yaga gefen taya, wani lokaci ya lanƙwasa sandar sitiyari. Shi ya sa a ƙasashen da hukuma ke ɗaurewa suke sa shi a tayar gefen direba, su manna takarda a gilashin ƙofarsa. Sannan irin mai arha ba ya rufe notocin wili. Mai mota ya ɗaga jak, ya kwance tayar da ƙarfen a jikinta, ya sa sifiya, ya jefa ta but ya tafi da ƙarfenka.

Abu biyu da masu gadi suka saba yi su ma a hana su. Sace iskar taya: motar ta zauna a kan wili, gefen tayar ya murƙushe, in aka ja ta haka tayar tana iya tashi aiki. Sai kiran janwe: yawancin ƙananan motocin da ke garin nan, irin su Corolla da Camry, tayoyin gaba ke ja, kuma in otomatik ce a kan P, wato giyar faki, giyar a kulle take, ga birkin hannu ya riƙe na baya. Jan ta a ƙasa ba mukulli yana iya karya abin da ke kulle giyar. Sai dai motar da ke ɗaukar ta gaba ɗaya a baya, ita ma da jami'in hukuma a tsaye.

Ɗan Kasuwa, Kofar Doka

Ranka ya daɗe Barista, ina da ja kaɗan. In mutum ya karɓi kati, ya shafe awa shida, ya fito ya ce ba zai biya ba, maigadi ya ƙi sauke sarƙa, ina bambancinsa da ɗaure taya? Duka riƙe mota ne. Kuma ai ana ganin manyan wurare a Kaduna da Abuja suna ɗaurewa ba abin da ya faru.

Barista, Tudun Wada

Tambayar tana kan hanya, Alhaji. Bambancin yana wajen hujja. Wanda ya tsaya a gaban sarƙa, aka sauke masa, ya miƙa hannu ya karɓi katin da aka buga sharaɗin a bayansa, ba zai iya cewa bai sani ba. Ko dokar Ingila ta 2012 da ta haramta ɗaure taya ta ware shingen da ke kafe a wurin tun lokacin da aka faka motar. Kuma ba a taɓa jikin motar ba, babu zancen wili ko birki.

Duk da haka ban ba da shawarar a yi ta riƙe mota kan kuɗin awa shida ba. In ya ƙi biya, maigadi ya kira mai kula da wuri, a rubuta lambar motar, a ɗauki hoto, a sauke masa sarƙa, gobe kada a buɗe masa. Abin da ake nema gurbin ne, kuma an same shi. In bashin ya taru ya kai a bi, kotu tana nan. Kuɗin ma ya zama wanda za a iya karewa. A 2015 kotun ƙolin Birtaniya ta amince da cajin fam 85 a shari'ar ParkingEye da Beavis, kan wanda ya wuce awa biyun da aka ba shi kyauta, kuma cikin dalilanta akwai cewa allunan manya ne, suna ko'ina, adadin a fili yake, mai wurin kuma yana da buƙata ta gaskiya ta ganin motoci suna juyawa. A nan gida dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta hana sharuɗɗan zalunci, ta kuma buƙaci a jawo hankalin mutum ga sharaɗi mai nauyi kafin ya shiga yarjejeniya.

Maganar manyan wurare kuwa, wasu filayen na hukumomi ne da ke da dokar da ta ba su iko, wasu kuma ba su haɗu da wanda zai kai su kotu ba ne kawai. Kamfanin tsaro ma, lasisin da yake samu ta hannun hukumar Sibil Difens na gadi ne, bai ba shi ikon hukunta kowa ba.

Wani abu da ya kamata Malam Abu Maryam ya sani: ba da kati da karɓar kuɗi yana iya jawo a ce an karɓi amanar motar. A 2002 kotun ƙolin Najeriya ta wanke otal a shari'ar Anyah da Imo Concorde, inda aka sace mota a harabar otal ɗin a Owerri, amma a can mai motar ne ya kulle abinsa ya riƙe mukulli. Don haka maigadi kada ya karɓi mukullin kowa, kada ya gyara wa kowa faki, kuma a rubuta a kati da allo cewa wuri ake bayarwa, tsaron mota da kayan cikinta yana wuyan mai ita. In kuma an ba da kati, to kada a bar mota ta fita ba kati sai an ga takardunta.

Hajiya Umma, Kongo

Ƙari kaɗan kan motar da ta riga ta shiga ta tare hanya, ko aka bar ta kwana da kwanaki. A fara da lambar wayar da ke littafi, shi ya sa rubuta ta yake da muhimmanci. In ba a samu mai ita ba, a saƙala takarda a ƙarƙashin abin goge gilashi, ba a manna da gam ba, a rubuta rana da lokaci da lambar da za a kira, a ɗauki hoton motar ta kusurwa huɗu. Ta kwana ɗaya ba labari, a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a rubuce, a karɓi shaidar an kai, domin motar da aka yasar tana iya zama ta sata. A sanar da mai unguwa ma. Ɗauke ta aikin hukuma ne.

Makon farko shi ne mai wuya, don waɗanda suka saba faka a wurin za su zo su tarar da sarƙa. A kafa allon mako guda kafin a fara, a rubuta ranar farawa, a raba wa masu haya takarda su sa hannu, don su ma 'yan uwansu da abokansu suna cikin masu cika wurin. A ƙayyade wa kowane shago gurbi nawa yake da shi na motar mai shagon kansa. A ba direba minti goma kyauta ko ba hatimi, saboda mai sauke fasinja da wanda ya shigo ya karanta allo ya fasa. Mara lafiya da motar asibiti da ta kashe gobara kuma a gaya wa maigadi tun ranar farko cewa ba a tsayar da su tambayar kati. Ranar Juma'a, in akwai masallaci kusa, a yanke tun wuri ko za a buɗe wa masallata daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, a rubuta hakan a allon.